Buhun da Ya Yi Wari Daga Ikko Har Boɗinga

Ku da kuke yawan tambayata a kan ƙoƙon nan da ke rataye cikin ragaya a ɗakina, ku matso kusa. Na ji abin da yaran unguwa suke gaya muku, wai kakanku yana da kayan duba, shi ya sa ake ce masa Bube Mai Katantanwa. To wannan magana ta girme ku, ta girmi iyayenku, kuma ba a kaina ta fara ba, a kan mahaifina ta fara. Sai da na je har inda ƙasa ta ƙare kafin na kashe ta. Tunda na ga tana neman sake tsirowa, bari in ba ku labarin yadda anka yi, shekarar da ƙasar nan ta samu mulkin kai.

Mahaifina Mamman Magini ginar rijiya ce sana'arsa. Daga Boɗinga zuwa Dingyaɗi har ƙauyukan Shagari, da wuya ka sha ruwa ba ka sha na hannunsa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, kamar ya baro maganar tasa can ƙasan rami. Yana da al'ada guda: ba ya miƙa wa mutane rijiya sai ya kurɓi ruwan farko, ya juya shi cikin baki, ya lumshe ido, sannan ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Igiyar da yake sauka da ita kuwa ba kowa yake ba wa ba, don ran mai gina yana hannun mai riƙon igiya ne. Ni dai bai taɓa ba ni ba. Aikina zubar da kwandon ƙasa kawai. Ban kuma ga laifinsa ba, don a lokacin ba ni da mazauni. Na bar elementare tun ban iya haɗa wasiƙar kirki ba, anka kai ni wurin tela a kasuwa na gudu, anka kai ni maƙera na ce hayaƙi yana damuna. In na nemi igiya sai ya dube ni ya ce:

"Kai Bube, tsuntsu na gittawa za ka bi shi da ido, ka mance ina ƙasa."

To a wajenmu in ana gina, in an wuce jar ƙasa da marmara, akan ishe wani farin dutse mai taushi. Cikin wanga dutse ne Baba yake tsintar abubuwan da sunka jawo mana magana. Duwatsu ne, amma da siffa. Wani a murɗe yake, dogo mai tsini kamar mazarin kaɗi. Wani marfi biyu ne a haɗe kamar tafin hannun mai addu'a, da layi-layi a bayansa kamar gonar da anka yi wa huɗa. Wani kuma kamar katantanwar da muke murzawa muna wasa, sai dai ya fi ta nauyi nesa. Sauran magina watsar da su suke yi cikin ƙasa. Shi kuwa sai ya sa su aljihu, ya zo gida ya wanke, ya zuba cikin ƙoƙo. In ya samu sarari da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera su iri-iri, yana juyawa yana kallo. Na taɓa tambayarsa mene ne su. Ya ce:

"Halittar ruwa ta, ga dukkan alama. Amma na bi gulbi na duba, ban ga mai irinsu ba."

Daminar wannan shekara wata rijiya da ya gina a Dingyaɗi ta rufta bayan wani ruwa mai ƙarfi. Ba wanda ya ji ciwo, kuma rijiya takan rufta tun kafin a haife shi. Amma akwai wani mahauci a kasuwarmu, Ɗan Jumma, mai bakin da ba ya hutawa, wanda ya taɓa leƙowa zaure ya ga Baba da duwatsunsa a jere. Shi ya fara cewa ai kuɗin masu ƙasa ne, wato aljannu, Magini yake kwasowa daga gidajensu, yana duba da su kamar yadda 'yan bori ke yi da wuri, shi ya sa sunka rushe masa rami. Da wasa ya faɗa, wajen yankan nama, mutane na dariya. Amma maganar ta bi masu sayen nama zuwa gidaje, ta koma gaske. Mutanen Mandera da sunka riga sunka yi magana da Baba zai gina musu rijiya bayan kaka sunka aiko wai a dakata tukuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masallaci. In an tayar da salla sai in ga an bar 'yar tazara tsakanin kafaɗar Baba da ta wanda ke kusa da shi, dama da hagu. Ba mai faɗin kome. Tazarar ba ta fi tafin hannu ba, amma ni daga baya nake hangenta kamar bakin rijiya.

Inna, mahaifiyata, ta ce a kai ƙoƙon bayan gari a zubar a huta. Baba ya ce ba zai zubar ba, don in ya zubar ya yarda ke nan da abin da ake faɗi.

Ana cikin haka sai ga Jabbi, wani falken shanu daga Shagari wanda garkensa ke shan ruwa a rijiyar da Baba ya gina. Shi bai damu da surutun mutane ba, ya zauna zaure yana shan fura, ya ɗauki murɗaɗɗen dutsen nan ya jujjuya.

"Kai, wanga kamar na taka irinai bakin teku, can Ikko."

Na matso kusa da shi. Na ce, "Baba Jabbi, ka tabbata?"

"Takawa niy yi, yaro, ban duƙa ba. Wa ad da lokacin duƙawa ga tarkacen bakin ruwa?"

Ya kuwa ce a ƙarshen damina zai kai shanu kurmi ta jirgi, yana neman matasa masu tsayuwa cikin tarago. Tun bai rufe baki ba na ce ga ni. Inna ta yi ta faɗa, ta ce tela da maƙera sun kasa riƙe ni, yanzu kuma kurmi za ta haɗiye ni. Baba bai ce je ka ba, bai ce kar ka je ba. Ranar tafiya da safe sai na ga ya ɗaure duwatsu biyu cikin tsumma, murɗaɗɗen da mai marfi biyu, ya ɗora bisa jakata.

"In ka batar da su, kak ka ce min komi. In kuwa ka ga masu su, ka duba da kyau. Kai dai ka iya kallo."

Munka kora shanu a ƙasa har Gusau, anka loda su cikin jirgi. Aikinmu cikin tarago shi ne kar mu bar saniya ta kwanta, don in ta kwanta 'yan uwanta za su tattake ta. Sanda a hannu, ƙafa cikin kashin shanu, jirgi na kaɗa mu. Amma wallahi ban san gajiya ba. Kowace tasha sabon abu, kowace tasha sabon harshe, ƙasa tana ƙara duhu da itatuwa. Da munka hau gadar Kwara na ga ruwa shimfiɗe, sai na hau ihu ina neman tsummana.

"Teku! Baba Jabbi, ga teku!"

Jabbi ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin shanu. "Wanga? Wanga ai alwallar teku ta, ɗan Magini. Zamna."

Mun ishe Ikko a cike maƙil. Ko'ina tuta kore da fari, ko'ina fenti sabo, motoci sun fi jakunan kasuwar Boɗinga da ta Shagari in an haɗa. Ashe mun faɗo daidai bikin mulkin kai. Ranar bikin kowa a zango ya sa wankakkiyar riga, Jabbi da yaransa sunka bi taro don su ga faretin sojoji da manyan mutane. Har yau in an ji ina Ikko a wannan rana sai a ce, Malam Bube, ba mu labarin abin da ka gani. To yau na gaya muku gaskiya, ban ga ko soja ɗaya ba. Jama'a na kwarara ta hanya guda, ni ina kutsawa ta wata, ina tambayar duk wanda na ga alamar yana jin Hausa, ina hanyar teku.

Kafin in gan ta na ji ta. Wani ruri ne kamar hadari na tasowa, amma sama garau. Na hau wani tudun rairayi, sai ƙasa ta ƙare. Ku yara kun ga teku a hoto, ba za ku gane ba. Ni ɗan mutumin da yake shafe wata da watanni yana sarar dutse don ya samu ruwa cikin guga, ga ni tsaye gaban ruwan da ba shi da ƙetare, yana tasowa kamar ganuwa yana zubewa, ba mai ɗiba, ba mai tsaro. Na zauna nan inda nake. Da na dafa ƙasa zan tashi sai na ji wani abu ya soke ni a tafi. Na duba. Ashe ba kan rairayi kaɗai nake zaune ba.

Jama'a, katantanwa! Ba iri ɗaya ba, ba iri goma ba. Layi guda sunka yi a bakin ruwa iyakar ganina, kamar an shanya hatsi. Na rarrafa da gwiwa ina tsinta ina zubarwa, don duk wadda na ɗauka sai in hango wadda ta fi ta. Ga wata fara sol mai haƙarƙari kamar na rago, ba nauyi, in ka ɗaga ta rana na ratsa ta. Ga wata doguwa siririya kamar askar wanzami. Ga wata mai ƙayoyi ta ko'ina, ka rasa inda za ka kama. Ga wata santsi kamar an shafa mata man shanu, da zane irin na ƙwaryar amarya. Ga wata ƙatuwa mai faɗin baki, launin ƙasa, da za ka iya shan kunu da ita. Ƙananan kuma ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗanda in ruwa ya janye sai ka ga sun miƙe tsaye sun nutse cikin rairayi da kansu. Nan na fara sanin ashe da rai a cikinsu. Na bi ɗaya da yatsa ina tono, raƙumin ruwa ya zo ya maka ni da ƙasa, na tashi da gishiri a baki ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Sai na kwance tsummana. Na ajiye mai marfi biyun nan na Baba kusa da wata mai kauri da na tsinta. Layi-layin bayansu ɗaya, ƙugun da marfin ya haɗu ɗaya. Wannan dutse, wannan ƙwanso, amma kamar wa da ƙane. Na yi kabbara da ƙarfi har wasu masunta da ke gyaran koma sunka waiwayo.

Murɗaɗɗen ne ban samu ɗan uwansa ba a ranar. Shi sai da na yi ta yawo kwana da kwanaki, na bar bakin teku na bi wani ruwa mai kwanciya da ke bayan gari, inda itatuwa ke tsaye cikin laka da saiwoyi a waje. Can na ishe wata 'yar kasuwa, da wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya, zaune tsakanin kwanduna. Ta iya Hausar ciniki kaɗan. Ta ga na tsaya na ƙura wa kwando ɗaya ido, ta kira ni da sunan da suke kiran Bahaushe, ta ce:

"Gambari, saye kake ko kallo?"

Kwandon cike yake da murɗaɗɗun nan, baƙaƙe, dogaye, masu tsini, suna motsi a hankali bisa juna. Na fito da dutsena na nuna mata. Ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta ciza shi da haƙori, ta kira maƙwabtanta. Sunka kewaye ni suna ta magana da harshensu. Ta ce ina na samo. Na nuna arewa, na kwatanta mata da hannu mutum na gina rami mai zurfi, na ce garinmu ba teku, ba ko kogi a bakin gari. Ta ce ƙarya. Na rantse. Sai ta kama hannuna ta ɗora mini ɗaya mai rai a tafi, ta ce in tsaya cik. Can sai ga shi ya turo ɗan marfi, ya fito da kai da 'yan ƙahoni biyu, ya fara tafiya a kan tafina yana barin sanyi. Abin da Baba ya yi shekaru yana juyawa a zaure, ga shi yana tafiya a hannuna.

Daga ranar na zama ɗan dakon Iya. In ɗaukar mata kwando daga kwalekwale, ita kuma ta nuna mini kaya. Ta ɓare mai kaurin nan da wuƙa na ga jini ja wur a ciki kamar na ɗan akuya. Ta nuna mini waɗanda ke manne a saiwar itace, masu kaushi kamar kunnen tsohuwar tukunya. Ta nuna mini wani mai hannuwa da yawa wanda ba shi da ƙwanso a waje, nasa a cikin jiki yake, fari mara nauyi, kuma in an matsa shi sai ya fitar da baƙin ruwa sak tawadar allo. Kowanne da sunansa a bakinta, kowanne da inda yake zama: wannan laka, wannan rairayi, wannan sai can ciki inda manyan jirage ke bi. Ta ce in ka bi gaɓar nan gabas akwai waɗanda ita ma ba ta taɓa gani ba. Sunayen sun gagare ni, sai na raɗa musu nawa: Mazari, Aska, Ludayi, Mai Ƙaya, Mai Jini.

Da Jabbi ya gama sayar da shanu ya kira ni gefe. Ya ce mai masaukinsa a zango yana neman yaro mai wayo da zai zauna Ikko yana tarbar shanu, kuma shi ya ambaci sunana. Ku sani wannan shi ne abin da nake mafarki tun ina gudu daga wurin tela: birni, jirgi, baƙin fuskoki kullum. Amma sai na tuna kaka ta kusa, mutanen Mandera za su nemi wani magini, tazarar nan ta masallaci kuma tana nan.

"Baba Jabbi, ina da saƙon da zan kai gida."

"Wane saƙo? Tarkacen ga? Ba ni in kai ma ubanka."

"Kai takawa kaka yi, ba ka duƙawa. In sun tambaye ka mi za ka ce?"

Ya dube ni ya girgiza kai. Wani yaro cikinmu ya karɓi aikin. Kun san shi, shi ne ya zo ya mallaki manyan motocin da ke ɗaukar shanu, kakarku ta yi ta yi mini gori da shi har ta koma ga Allah. Ni kuwa na cika buhu da ƙwanso iri-iri, na cika kwalba da ruwan teku na toshe, sannan na samu gwangwanin kananzir na wanke na zuba masu rai. Iya ta yi ta nuna mini da hannu in dafa su in cire naman tukuna. Na ƙi. Na ce so nake Baba ya ga suna tafiya. Ta riƙe haɓa ta ce, "Gambari, za ka gani."

Na kuwa gani. Ni abin da na sani dabba in za ta yi tafiya sai a ba ta ruwa mai kyau da abinci. Saboda haka a tashar farko na zubar da ruwan lakar nan mai gishiri, na tara musu na famfo mai sanyi, har na barbaɗa musu 'yar dusa. Kowace tasha sai na sake musu sabo, ina jin daɗi ina kiwo. Kafin mu kai Kwara sun daina motsi. Kafin mu kai Kaduna kuwa, wayyo. Na san warin tarago, na san warin majema, amma wannan daban ne, wari ne mai shiga tufafi ya zauna. Wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni ta toshe hanci da gyale ta ce:

"Yaro, tsakaninka da Allah, gawar wa ka ɗauko?"

Anka taso mini a jefar ta taga. Na rungume gwangwani na ce sai dai a jefa mu tare. A ƙarshe na tsiyaye ruwan, na juye su cikin buhu, na koma can mahaɗar taragu na rataye shi waje ina riƙe da bakinsa har Gusau. A motar Sakkwato anka ɗora ni can sama tare da fatun da za a kai jima, yaron mota yana cewa ko fatun sun kawo ƙara. Daga Sakkwato ba wanda ya yarda ya ɗauke ni, da ƙafa na iso, ƙudaje na yi mini rakiya. Zuciyata ta yi baƙi. Na bar aikin Ikko don in kawo masu rai, ga shi na kawo ruɓa.

Na iso gab da la'asar. Inna ta fito da gudu za ta rungume ni, ta yi turus.

"Lahiya lau kad dawo, na gode Allah. Amma wanga abu ba shi shiga gidana."

Dole na ja buhu zuwa gindin itacen bedin da ke ƙofar masallaci, daidai lokacin da mutane ke taruwa. Baba ya fito da ƙoƙonsa a hannu, a fili, karo na farko tun da anka fara magana. Na zazzage buhun a ƙasa. Mutane sunka ja da baya saboda wari, sunka kuma matso saboda kallo. Ni kuwa bakina ya ɓalle, na manta gajiya, ina ɗagawa ina nunawa: wannan laka yake zama, wannan shi ke nutsewa da kansa, wannan jini gare shi, wannan da idona na ga ƙahoninsa. Baba kuwa ya tsuguna yana ɗaukar dutse daga ƙoƙo, yana nemo ɗan uwansa cikin tarin, yana ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Mazari da mazari. Mai marfi da mai marfi. Wasu duwatsun ba su samu 'yan uwa ba, ya ajiye su gefe.

Ɗan Jumma ya kutso yana toshe hanci. "To, ashe masu ƙasa har Ikko suna da kasuwa!"

Wasu sunka yi dariya. Na ji kamar in shaƙe shi. Sai Liman, wanda ya ja rawani ya rufe hanci, ya sa sandarsa ya juya wani murɗaɗɗe da naman ke zazzalowa daga bakinsa.

"Ɗan Jumma, kai ka san nama hiye da mu duka. Warin mi na wanga?"

"Allah gafarta Malam, ai ko yaro ya sani."

"Kai nika tambaya."

Ɗan Jumma ya duƙa, don hancin mahauci ba ya iya ƙarya a kan sana'arsa. Ya shinshina, ya tofar da yawu. "Nama na. Nama na yal lalace, ya kwan biyu."

"To abin da ad da nama, yam mutu yar ruɓe, kuɗin wani na, ko dabba ta?"

"Dabba ta, Allah gafarta." Sannan bakin nan nasa ya sake motsi. "Amma mi yak kawo dabbar teku ƙarƙashin Boɗinga?"

Liman ya ce wanda ya kawo ruwan Dufana bai gaza wannan ba, a tashi a yi salla kar lokaci ya wuce. 'Yan makarantar cikinku suna ce mini wai teku ce da kanta ta taɓa kwanciya a nan da daɗewa. Allah ne masani. Ni dai abin da na gani a sahu shi nake ba ku labari. Da anka tayar da salla, Ɗan Jumma da kansa ya zo ya haɗa kafaɗa da Baba, ta ɗaya gefen kuma wani dattijo ya matso. Tazara kuwa ranar ta dawo wurina, dama da hagu, har da baya, don ba mai iya tsayawa kusa da rigata.

Bayan na yi wanka Inna ta ƙona tufafin, na kai wa Baba kwalbar a zaure. Na ce ga ruwan da suke ciki, wanda ba shi da ƙetare. Ya buɗe, ya kurɓa kamar yadda ya saba, ya juya cikin baki, ya lumshe ido. Sai na ga fuskarsa ta yamutse, ya furzar da shi har bakin ƙofa.

"Duk girman nan da kaka hwaɗi, wanga na ruwan?"

"Shi na, Baba."

"To ba ta yi ba."

Ya yi dariya har da hawaye, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Ya goge ido, ya ɗauki mazarin dutse da na teku ya riƙe a hannu ɗaya, ya daɗe yana kallo.

Ana gama yankan gero mutanen Mandera sunka aiko. Ranar da za a fara sauka, muna tsaye bakin rami, na je zan ɗauki kwandona na zubar da ƙasa kamar kullum. Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, ya duba ƙullin, ya miƙo mini ɗaya bakin.

"Riƙe. In na ga wani dutsen can ƙasa zan aiko ma cikin kwando, ka hwaɗa min sunanai."

Tsuntsaye sun yi ta gittawa a ranar. Ban ga ko ɗaya ba.